Tambayi Likita: Shin ƙaramar tsaga ta fi a tiyatar sauya gaɓar kwatangwalo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena yana fama da amosanin jini tun yana yaro, yanzu kuma hoton ƙashi ya nuna kan ƙashin cinyarsa na dama ya lalace, har likitan ƙashi ya ce sai an sauya gaɓar da ta ƙarfe. Mun ji ana yin wannan aiki ta ƙaramar tsaga ba tare da an yanka tsoka ba. Shin ita ya kamata mu nema? Kuma zai iya sallah a ƙasa bayan aikin? Daga wata mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba shi lafiya. Aikin da za a yi a ciki ɗaya ne ko ta wace hanya aka shiga: ana cire kan ƙashin cinyar da ya mutu, a kankare gurbinsa a jikin kwatangwalo a zaunar da ƙoƙon ƙarfe mai shimfiɗar roba ko tangaran, sannan a cusa sandar ƙarfe mai dunƙulallen kai cikin ƙashin cinya. Wannan tsari ya kafu ne a hannun likita John Charnley a Ingila a farkon shekarun 1960, bambancin kuwa yana ga hanyar da ake bi a kai ga gaɓar.

A tsohuwar hanya tsagar takan kai santimita 25 zuwa 30, kuma ana saki wasu tsokoki daga ƙashi a sake ɗinke su. A hanyar da kike tambaya tsagar ba ta cika wuce santimita 8 zuwa 15 ba, wadda ta fi shahara kuma ita ce shiga ta gaban cinya, inda likita ke ratsawa tsakanin tsokoki ya ture su gefe maimakon ya yanka su. Ba sabuwa ba ce kamar yadda ake tallata ta, domin likita Robert Judet ya yi amfani da ita a Faransa tun 1947. Amfaninta shi ne raɗaɗi yakan ragu a makonnin farko, majiyyaci kuma yakan ajiye sanda da wuri, amma bayan ƴan watanni da wuya a bambance tafiyar wanda aka yi wa ita da ta wanda aka yi wa babbar tsaga. Tana kuma da nata haɗari, kamar dindiris a fatar gefen cinya idan an taɓa jijiyar wurin, ko tsagewar ƙashin cinya a hannun wanda bai goge da ita ba.

Game da ƙanenki kuwa akwai abin lura na musamman. Amosanin jini yakan sa cikin ƙashin cinya ya taurare, ramin ɓargonsa ya ƙuntata, har shigar da sandar ƙarfe ya zama aiki mai buƙatar likita ya ga wurin sosai, ga shi kuma masu wannan cuta sun fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta a wurin tiyata. Saboda haka, a ganina, ba tsawon tabo ya kamata ku sa a gaba ba. Abin da ke sa sabuwar gaɓar ta daɗe shi ne a zaunar da ita daidai, kuma likitan da ya ƙware a babbar tsaga ya fi wanda ke koyon ƙarama a jikin ɗan'uwanki. Ko a babban asibitin Damagaram za a yi, ko an tura ku Yamai ko Kano, ku tambayi likitan wace hanya ya fi sabawa da ita, ko ya taɓa yi wa masu amosanin jini, da kuma tanadin da aka yi na ƙarin jini, ruwa da iskar numfashi, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na iya tayar da ciwon a lokacin aikin.

Batun sallah kuwa, a makonni shida na farko, musamman idan ta baya aka shiga, ana hana tsuguno, harɗe ƙafa da zama a tabarma, don kada sabon kan ya goce daga gurbinsa. Zai yi sallah a kan kujera, kuma ku gyara masa makewayi mai wurin zama tun kafin ya dawo gida. Komawa sujada a ƙasa sai likitansa ya duba shi ya ba shi izini, bayan ya yi gashin ƙashi tsokokin sun yi ƙarfi.