Maigidana ya fara haɗa giya a gida, ina tsoron kada ya makance

Tambaya: Malam, mu mutanen Jos ne, muna zaune a Ingila shekara shida ke nan. Maigidana ya sayo kayan haɗa giya na gwangwani, mai lita 23, ga bokitin can yana ta kumfa a bayan kicin. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da metanol, barasar nan mai guba, ke yi wa ido, kuma ban manta da mutanen da ogogoro, barasar gargajiya mai ƙarfi, ya kashe a gida Najeriya ba. Shi kuwa cewa yake idan ta nuna zai kyasta mata ashana, launin wutar zai nuna ko da guba. Barci ya ƙaurace mini. Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki a kan bokitin nan. Metanol da ke samuwa da kansa a abin sha yana fitowa ne daga fektin, wato danƙon da ke jikin 'ya'yan itace irin su tuffa da inabi. Abin da ke cikin gwangwanin maigidanki ruwan tsiron sha'ir ne da aka dafe ya yi kauri, kuma sha'ir ba shi da fektin da za a kula da shi. Yis zai ci sukarin, ya ba da barasa kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, sai iska. Ko ta lalace, tsami za ta yi ko wari, a zubar. Ta fuskar doka ma, tun 1963 Ingila ta daina neman lasisi ga wanda ya yi giya don shan kansa, muddin bai sayar ba. Tatsar barasa mai ƙarfi da tururi kuwa sai da lasisi. Hukuncin shan giya a addini ba fannina ba ne, kuma ba shi kika tambaya ba.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki maganar ashanar nan ce. Kusan kullum sai na ji ta, wani lokaci daga bakin masu digiri: wai a zuba a cokali a kunna, idan harshen wutar ya fito shuɗi lafiya lau, idan ya yi rawaya akwai guba. Wasu ma a juye suke faɗa, wanda ya isa ya nuna miki babu wanda ya taɓa gwadawa. Giya mai kashi 5 ba za ta kama wuta ba ko an ƙarar da kwalin ashana a kanta. A barasa mai ƙarfi kuma, metanol da etanol, wato barasar da ake sha, duka shuɗiyar wuta suke bayarwa, ta metanol ma da rana da kyar ido yake ganinta. Warinsu kusan ɗaya, ɗanɗanonsu kusan ɗaya. Hanci da harshe da ashana ba sa raba su, sai na'urar ɗakin gwaji. Mutumin da ya yarda da wannan gwaji ya fi wanda bai san shi ba shiga haɗari, don shi zai sha ne da natsuwa, har ya miƙa wa abokinsa yana cewa ai na duba.

Kin ambaci gida. A watan Afrilun 2015, a Ode-Irele ta jihar Ondo, aƙalla mutum 18 suka mutu cikin 'yan kwanaki, da yawansu sai da gani ya tafi kafin rai. Da farko aka ce fushin abin bauta ne, wasu suka ce maganin kashe ciyawa ne, kafin bincike ya tsaya a kan metanol a cikin ogogoro. A watan Yunin shekarar mutum wajen 70 suka tafi a jihar Ribas ta wannan hanya. A Nuwambar 2024 baƙi 'yan yawon buɗe ido shida suka mutu bayan sun sha barasa a Vang Vieng ta ƙasar Lawos. Babu ɗaya a cikin waɗannan da giyar sha'ir ta bokiti ta kashe. Duka barasa ce mai ƙarfi wadda babu wanda ya san abin da aka zuba mata, kuma mafi yawan lokaci mai neman riba ne ke tsarma ta da sifirit ɗin masana'antu mai metanol saboda araha.

To a nan ne nake so ki sa ido. Sabon mai haɗa giya yakan ɗanɗana ta farko ya ji ba ta kama shi ba, sai wani aboki, ko wani mai bidiyo a intanet da bai san hagu da dama ba, ya ce a ƙara mata ƙarfi da sifirit. Na taɓa tsayawa a kan gadon wani matashi da ya yi haka da wata kwalba marar suna da aka ba shi a wurin aiki. Washegari da safe ya tashi garau, har ya fita. Da la'asar ya fara murza ido yana cewa kamar hazon hunturu ya rufe ɗakin, yana numfashi da sauri kamar wanda ya yi gudu. 'Yan'uwansa sun ɓata awa huɗu suna ɗura masa madara da manja. Ya rayu, amma idon bai dawo ba.

Ke kin san dalili: hanta ce ke mayar da metanol ya zama asid mai cin jijiyar gani, kuma hakan yakan ɗauki awa 12 zuwa 24, ko fiye idan an sha shi tare da giya. Mililita 10 kacal na iya makantarwa, 30 na iya kisa. Madara ba ta yin komai, manja ba ya yin komai, sa mutum amai ma ɓata lokaci ne. Maganin yana asibiti, fomefizol ko etanol da likita ya auna, da wankin jini idan ta kama. Duk wanda ya sha abin da ba a san asalinsa ba ya fara ganin dishi-dishi, ko ciwon ciki da amai, a kira 999, lambar gaggawa ta Ingila, nan take, a tafi da ragowar kwalbar.

Haɗarin da ke kicin ɗinki da gaske kwalba ce. Idan ya yi gaggawar ɗurawa kafin yis ya gama aiki, ko ya cika sukarin da ake sawa don kumfa, iska za ta taru kwalbar ta fashe, kuma gilashi ma yana tsiyayar da ido. Ya bar bokitin a ɗumin digiri 18 zuwa 22, ya auna da ma'aunin sukarin giya, kada ya ɗura sai ya ga lamba ɗaya kwana biyu ko uku a jere. Rabin ƙaramin cokali na sukari ya ishi kwalbar rabin lita. A karon farko ya yi amfani da kwalaben roba da aka yi don abin sha mai gas, ya jera su a kwali mai murfi, nesa da inda yara ke wasa.