Soket mai zagayen rami a tsohon gida

Kana tambaya ko za ka iya sa adafta a tsofaffin soket masu zagayen rami uku na gidan da ka kama haya, ka ci gaba da jona kayanka haka nan. Ɗan'uwa in cajin waya ne ko rediyo ko fanka ba matsala, amma kar ka kuskura ka jona dutsen guga ko hita. Ƙaramin mai zagayen nan amf 5 kawai yake ɗauka (amf shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), dutsen guga mai wat 2000 kuwa kusan amf 9 yake ja a wutarmu mai bolt 230, ga shi filogin mai zagayen ba fis a ciki, wato abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, ba kamar mai kusurwa na amf 13 ba. Babban mai zagaye na amf 15 kuma daban ne, shi har yau ana sa wa AC.

Kuma don Allah kar ka canza fuskar soket kawai ka ce an gama, wayar da ke cikin bango ita ce abin dubawa. Mu a tsohon gidanmu haka aka yi, aka sa sabon soket a kan siririyar waya, ranar nan ana guga sai ƙaurin roba ya cika ɗaki, da mai gyara ya kwance wallahi jar wayar ta yi baƙi, robar na marmashewa a hannu kamar busasshen ganye. Ka kira mai wayarin ya duba kaurin wayar da kuma koriyar wayar nan ta at, mai kai wuta ƙasa don kariya, in tana nan ma.