Shin za a iya dogara da rahoton mai haƙa rijiyar burtsatse?

Malam, ka ce kana son gano ko dauɗar tsohuwar majema ta gangara cikin ruwan ƙarƙashin filinka a gefen Gulbin Maraɗi, kana tambaya ko takardar da mai haƙa ya ba ka ta wadatar. A ganina ba ta wadatar ba.

Shi mai haƙa ɓurɓushin ƙasar da ruwan laka ke turowa sama yake dubawa ya rubuta. Kafin ya iso baki ya cakuɗe da na bangon ramin, ga jinkiri, saboda haka siririn shimfiɗin yumɓu kan wuce ba a gan shi ba. Shi kuwa wannan yumɓun ne ke tare gurɓataccen ruwa ko ya karkatar da shi. Ciro ƙasa dunƙule, mita bayan mita, ya fi gaskiya, sai dai tsada, kuma rairayin gulbi kan zube tun kafin a fito da shi.

Ka nemi a zura na'urar gamma cikin ramin, wato mai auna wani irin haske da ido ba ya gani wanda ƙasa ke fitarwa. Tana rarrabe yumɓu da rairayi ko an riga an sa bututun roba. Na'urar da ke auna ƙasa da lantarki kuwa sai rami na buɗe, da ruwa ko laka a ciki. Bututu na shiga, ta tashi aiki.

Duk da haka ba ɗaya cikinsu da ke gane guba. Zurfi ma ba tabbaci ba ne: rijiya mai zurfi ce ta garin Tibiri, kusa da Maraɗi, amma sinadarin fuloraid ɗin ruwanta ya lanƙwasa ƙasusuwan yara. Ka ɗebi ruwa daga zurfi daban-daban, rani da damina, ka kai ɗakin gwaji.