Ko mai kitso ce ta taɓa ni, sai jikina ya ɗau rawa

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Shekarata 24, ina zaune a Jekadafari cikin garin Gombe. Tun ina ƙarama ba na son a taɓa ni. Ko a keke napep wata ta matse ni, sai gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Rabona da zama gaban mai kitso har na manta. Gwaggona ta ce girman kai ne, wasu sun ce iska ce. Ga shi an sa bikina bayan Babbar Sallah, har an biya mai dilka da mai lalle. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Mai girman kai ba ta gumi don an goge ta a keke. Jikinki ne yake ɗaukar taɓi a matsayin haɗari, zuciya ta hau bugu kafin ki yi tunanin komai. Wasu haka aka halicci fatarsu, wasu kuma tashi suka yi a gidan da ba a runguma. Ni kaina 'yar fari ce, ban taɓa jin Innata ta dafa kafaɗata a gaban mutane ba, saboda kunya.

Ki lura da abu guda: ba ki iya yi wa kanki cakulkuli, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta san inda hannun zai sauka. Taɓin bazata ne ya fi firgitarwa. Don haka ke za ki fara. Ki zaɓi mace ɗaya da kika yarda da ita, ko ƙanwarki ce. Ki kama hannunta da kanki, ki riƙe, kada ki saki sa'ad da gaba ke faɗuwa, sai numfashi ya daidaita. Fizgewar nan ita ke koya wa jiki cewa lallai da ma akwai abin gudu. Ki maimaita kullum. In ya zama ba komai, ta shafa miki man kaɗanya a ƙafa, ta faɗa miki kafin ta ɗora hannu, kuma ta danna sosai, don shafar sama-sama ta fi sa tsikar jiki tashi. Daga nan sai kalba guda huɗu. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna wannan bi da sannu, tun da wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya bayyana shi a 1958.

Amma fa in akwai wanda ya taɓa ki ba da yardarki ba kina yarinya, ko in an taɓa ki sai kin yi ta wanke wurin, man kaɗanya ba zai wadatar ba. Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Zuwa wurinsa ba hauka ba ne.

Dilka kuwa ba farilla ba ce. Ki ce wa matar ta tsaya a hannu da ƙafa, sauran jikin ki murza da kanki a ɗaki. Shi kuma angon, kada ki bari sai an kai ki. Ki gaya masa tun yanzu wajen zance, kada ranar ya zaci shi ne ba kya so.