Ɗaga ƙarfe da Pilates: in haɗa su ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Da yamma muna ɗaga ƙarfe da abokaina, irin wanda ake zuba siminti a gwangwani biyu a soka bututu a tsakiya. Ƙirji da damatsa sun cika, amma ƙugu na damuna in na yini kan babur. Na ga wani motsa jiki a waya mai suna Pilates, wai yana gyara baya. Abokaina sun ce na mata ne, kuma zai zubar min da ƙwanji. Me za ka ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Haɗa su, amma ƙarfe ne gaba.

Abokanka ba su san mai abin ba. Joseph Pilates Bajamushe ne, an haife shi a 1883, ya yi dambe kafin ya zama malamin motsa jiki. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an tsare shi a Birtaniya tare da sauran Jamusawa, kuma maza ƴan uwansa fursunoni ya riƙa horarwa. Da ya buɗe wurinsa a New York sai masu rawa suka yi masa caa, daga nan aka fara yi wa abin kallon na mata. Zubar da ƙwanji kuwa, yawanci abu biyu ke kawo shi: barin ɗaga nauyi da ƙarancin abinci. Muddin kana ɗagawa kana cin wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli da fura da nono, Pilates, da ake yi kan tabarma, ba zai rage maka komai ba.

Ƙarfe na ƙara girman tsoka da ƙarfin ƙashi saboda nauyin da kake ƙarawa sannu a hankali, Pilates ba ya yin wannan. Aikinsa na kan tsokokin can cikin ciki, da na ƙugu, da waɗanda ke riƙe ƙashin baya, wato daidai wuraren da zaman babur ke kashewa. Kuma ina zargin ku ƙirji da hannu kawai kuke yi, don su ake gani a riga. Je ka kalli ƴan kokawa a fage: wanda ƙugunsa da ƙafarsa ba su da ƙarfi, ko damtsensa ya kai turmi, shi ke shan ƙasa.

Ka ɗaga ƙarfe Litinin, Laraba da Asabar, don tsoka na son hutun kamar awa 48 kafin a sake matsa mata. Talata da Alhamis ka shimfiɗa tabarma minti 20. In dole rana ɗaya za ka yi su, fara da ƙarfe. Tsokar ciki da ta riga ta gaji ba ta iya tsare bayanka lokacin da kake ɗaga nauyi daga ƙasa, a nan ake jin ciwo.

Motsi biyu sun ishe ka farawa. Kwanta rigingine, lanƙwasa gwiwa, ka ɗaga ɗuwawu a hankali har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ka sauko a hankali, sau 10. Sannan ka durƙusa kan hannu da gwiwa, ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu ba tare da ƙugu ya karkace ba, ka canja. Kada ka riƙe numfashi. Fitar da shi lokacin da kake yunƙurin.

Gwangwanayen nan naku kuma, ka kai su wurin mai sikeli a auna. Sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, baya ne ke biyan bashin. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ka maida horon bayan Asuba, da ruwa kusa.

Idan ciwon na sauka ƙafa, ko ƙafar na mutuwa ko rauni, ko fitsari ya fara ƙwace maka, ajiye ƙarfe da tabarma duka ka tafi wurin likita ranar.