Na'urar gano yoyon gas tana kuka ba dalili, in koma wa laita?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Injiniya. Ni mai gyaran firij ne da firiza a wani ƙauye kusa da Ringim, yawancin kwastomomina masu ƙanƙara ne da masu zoɓo da kunun aya. Na sayo na'urar gano yoyon gas ta hannu a kasuwar Sabon Gari. Da farko tana aiki, amma tun shigowar hunturu sai ta riƙa kuka duk inda na kai bakinta, ko a tsakiyar shago. Ga kuma wata firiza mai sola da na ɗura wa gas sau biyu cikin wata guda, na bi ta da na'urar ko uffan ba ta ce ba. Mai firizar har ya fara cewa cutarsa nake yi. Maigidana da ya koya mini aiki ya ce in yar da ita, in kunna laita in bi bututun, inda harshen wutar ya canza launi nan ne wurin. Kuɗina sun tafi ke nan? In bi maganarsa?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye laitar nan tukuna, zan dawo kanta. Kuɗinka kuma da wuya a ce sun tafi. Matsala biyu ka kawo, kowace da dalilinta.

Mu fara da firizar, tunda ita ta taɓa mutuncinka. Leƙa takardar da ke manne a jikin kwamfireso. A nan ake rubuta sunan gas ɗin da ke ciki. Akasarin firizoji masu sola da sababbin firij na gida R600a za ka gani. Su kuwa na'urorin hannu masu sauƙin kuɗi, yawancinsu an ƙera su ne don gas mai ɗauke da kulorin ko fulorin, wato R22, R134a, R410A da danginsu. R600a da R290 ba su da ko ɗaya daga ciki, 'yan'uwan gas ɗin girki ne. Don haka mai yiwuwa na'urarka lafiyarta ƙalau, ba ta jin warin wannan gas ɗin ne kawai. Duba kwalinta. Idan ba a rubuta HC (wato gas dangin na girki) ko R600a ko R290 ba, kada ka ƙara kai ta kusa da irin wannan firiza, don wasu daga cikinsu da lantarki mai ƙarfi suke aiki a bakin sandar. Sai ka nemi wadda aka yi don gas mai cin wuta.

Ko da ka samu wadda ta dace, kada ka yi bincike kwamfireso yana aiki. R600a yana tafasa ne a digiri 11.7 ƙasa da sifili, cikin firiza kuwa ya fi haka sanyi, saboda haka ɓangaren sanyi zuƙa yake yi. Idan da huda a nan, iska ce ke shiga, gas ba ya fita, na'ura ba za ta ji komai ba. Kashe, cire waya, ka bari ƙanƙarar ta narke, matsi ya daidaita. A zafin digiri 30, in da sauran gas, geji zai nuna wajen psi 40. Sannan ka bi mahaɗai: wurin waldar diraya (matatar da ke tsotse danshi daga gas), bakin kafilari (siririn bututun nan), guntun bututun da ake ɗura gas, da inda jan ƙarfe ya haɗu da alminiyam. Duk inda ka ga maiƙo ya kama ƙura ya yi baƙi, tsaya nan da kyau. Ka kuma tambayi mai firizar ko yaransa na ɓamɓarar ƙanƙara da wuƙa.

Tafiyar hannu ita ce rabin aikin. Bakin sandar kada ya yi nisa da bututu fiye da milimita 5, kada kuma ya goge shi. Gudu kada ya wuce santimita 5 a daƙiƙa. Bi ta ƙarƙashin mahaɗi, don gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake zuba. Idan ta yi kuka sannan ta yi shiru alhali ba ka motsa ba, ba ƙarya ta yi ba: yawancinsu suna ɗaukar iskar da suka daɗe a ciki a matsayin sifili. Janye ta zuwa iska mai tsabta, ka dawo. In ta sake kuka a wuri ɗaya sau biyu, sau uku, tabbatar da kumfar sabulu. A firiza mai murfi bututun sanyi a binne yake cikin bango, don haka rufe murfin na wasu awanni bayan ka kashe ta, sannan ka sa bakin sandar ta ƙofar magudanar ruwa.

Kukan hunturu kuwa abu ne mai sauƙi. Akwai 'yar matata a bakin sandar, ƙura ta toshe ta. Cire ka canza, kada ka wanke da fetur ko tina. Sa sabon batir, don batir mai rauni na sa ta sambatu. Kunna ta a waje, nesa da hayaƙin janareta, ka ba ta minti ɗaya ta yi ɗumi kafin ka shiga shago. Shagon da ake sakin gas kullum, ga silinda a lungu, ga gam, ga turare, ba laifinta ba ne in ta yi kuka. Kashe fanka, ka tare iska da kwali. Kada bakinta ya taɓa ruwa ko kumfa. Kada ka buɗe mata silinda a fuska da sunan gwaji, kashe sensa kake yi. Warin da ya rage cikin murfin bawul ya ishe ta. Sensa mai ɗaukar zafi tana da wa'adi, wasu wajen awa 100 na aiki, sai a sauya. In za ka ajiye ta, cire batir, ka sa ta a jakarta, ban da ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, ban da akwati ɗaya da silinda.

Yanzu maganar laita. Maigidanka ba ƙarya ya yi ba, a zamaninsa akwai abin da ya yi kama da haka. Akwai wata fitilar gwaji mai farantin jan ƙarfe a ciki, idan gas mai kulorin ya bi ta kan farantin da ya yi ja, harshen wuta sai ya koma kore. Wannan na R12 ne da R22. Fitila ce ta musamman, ba laitar kanti ba. R134a ba shi da kulorin, ba zai ba ka koren nan ba. R600a kuwa ba launi zai canza ba, kamawa zai yi. Abin da ke ɓata rai shi ne kullum sai an ji wani yana koya wa yaro wannan dabara kamar gas ɗin bai canza ba, alhali an daina ƙera R12 tun 2010.

Ka yi lissafin da kanka. R600a na kama wuta idan ya kai kashi 1.8 cikin ɗari na iskar wuri, har zuwa wajen kashi 8 da rabi. R290 daga kashi 2.1. Firij na gida ba ya ɗaukar fiye da giram 150 na irin wannan gas, da yawa ma ba su kai 100 ba, shi ya sa wasu ke cewa ai ɗan kaɗan ne. Kaɗan ne a fili, amma ba a fili yake taruwa ba. Ya ninka iska nauyi, sai ya kwanta a ramin kwamfireso ko a gindin firiza mai murfi, wuri matsattse, daidai inda mai gyara ke tsugunawa ya kai fuskarsa. Kuma ba ya wari. Warin da kake ji a gas ɗin girki zuba masa aka yi don a gane yoyo, na firij ba a zuba masa komai. Hancinka ba zai gargaɗe ka ba, sai dai ka ga wuta a gemunka da hannun rigarka.

Wanda ya ce to ni a kan R22 ko R134a kawai nake kunnawa, shi ma bai tsira ba. Waɗannan in suka bi ta cikin wuta rugujewa suke yi su zama hayaƙi mai guba mai cin huhu da ido, wannan warin mai yaji da ke shaƙe maƙogwaro lokacin walda. Kuma wa ya tabbatar maka abin da ke cikin firij ɗin? Takarda na iya cewa R134a, amma wani ɗan ta-more ya riga ka, ya ɗura masa gas ɗin girki don ya fi araha. Sababbin na'urorin sanyaya ɗaki ma da yawa R32 ne, shi ma yana kamawa. "Shekara da shekaru muna yi ba abin da ya faru" ba hujja ba ce, Allah ne ya tsare. Shagonka a cikin mutane yake, ga yaran da iyayensu suka ba ka amana suna tsaye a bayanka suna kwaikwayon hannunka. In wuta ta tashi, asibitin da zai iya da babbar ƙuna ba a ƙauyenku yake ba. Ka faɗa wa maigidanka da ladabi, ka nuna masa alamar harshen wuta da ke jikin kwamfireson, shi ma rai gare shi da iyali.

Haka nan in gas ya ƙare ƙaf kana son matsa bututu don gwaji, kada ka ari silindar oksijin ta mai walda. Oksijin da man kwamfireso in suka haɗu cikin matsi fashewa suke yi. Busasshen naitirojin ake sawa, ta cikin regileta, ba tare da wuce matsin da aka rubuta a jikin firizar ba. Rubuta abin da geji ya nuna, ka duba washegari a daidai lokacin, don zafin rana da sanyin asuba na motsa allura.

Ita firizar mutumin nan, daina ɗura mata gas. Gas ba ya ƙarewa kamar man inji, in ya ragu fita ya yi. Idan ka gano wurin, fitar da ita fili, saki sauran gas ɗin nesa da wuta, kora da naitirojin, sannan ka yi walda. Canza diraya, yi bakyum (zuƙe iska da danshi daga bututu), ka ɗura da sikeli daidai giram ɗin da ke kan takarda, don a R600a ƙarin giram 10 ma na iya ɓata sanyi. In kuwa allura ta sauka amma mahaɗan waje duk lafiya, hudar tana cikin bango. Faɗa masa gaskiya da kuɗin sabon bututu tun kafin ka taɓa, ya zaɓa.