Awa shida da rabi, amma a sama kawai

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka duba a intanet, daga Abuja zuwa Landan awa shida da rabi ne, saboda haka in shirya tarbarka. Tambayar taka ita ce ko haka ɗin ne. Haka ne. Tsakanin filin jirgin Nnamdi Azikiwe da Heathrow kusan kilomita 4,800 ne, jirgi kuma yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa idan ya daidaita a sama. Amma wannan lissafin wanda ya hau jirgin da ba ya yada zango ne. Shi ka saya?

Ɗalibai dai mai araha suke bi, ban kuma ga laifinsu ba. Idan ta Adis Ababa ne, gabas za a fara nausawa da kai kusan awa biyar, sannan a juyo arewa kusan awa takwas. Ta Doha kuwa, kowane zango wajen awa bakwai ne. Ba a sa zaman jira a tsakani ba, wanda zai iya cinye maka dare guda a kan kujerar ƙarfe. Ko miƙaƙƙiyar hanyar ma ba ta da tabbas: da Nijar ta rufe sararin samaniyarta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, sai da jirage suka riƙa yin zagaye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne karatun tikiti. Duk lokacin da ka gani a jiki, agogon garin da filin yake ne. Da bazarar Ingila agogonmu ɗaya da Najeriya, amma daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris muna bayanku da awa guda. Sannan Landan ba fili ɗaya gare ta ba. A tikiti, LHR shi ne Heathrow, LGW kuma Gatwick, tsakaninsu tafiyar fiye da awa ce a mota. Akwai wani yaro da na bar aiki saboda shi, ranar da ba za a biya ni ba, na ƙame a Heathrow, ashe shi a Gatwick ya sauka. Har yau danginsa cewa suke na yi masa wulaƙanci. Ni da na zo ƙasar nan ba wanda ya tarbe ni, da taswira a hannu na nemi masaukina, kuma ga ni.

Kada ka kuskura ka sayi tikiti biyu daban-daban don ragi. Na farko ya makara, na biyu ya tashi, asarar taka ce, kayanka ma kai za ka karɓa ka sake auna su. Idan zangon a Faransa ko Jamus ne, bincika batun bizar wucewa tun kafin ka biya, domin ana neman ta a wajen masu fasfon Najeriya, sai waɗanda aka ɗauke wa.

Bayan ka sauka akwai layin jami'an shige da fice, akwai jiran akwati. Makarantar taka kuma a Edinburgh take, awa huɗu da rabi a jirgin ƙasa daga tashar King's Cross ta Landan. Turo mini hoton tikitin gaba ɗayansa, ba abin da ka fahimta daga ciki ba, sannan in ga ko zan samu a canza mini ranar aiki.